Ramuka huɗu a kan da'irar 140

Lokacin da kamfanin Peugeot ya fito da 504 a shekarar 1968, injiniyoyinsa sun jera kusoshin kowace ƙafa guda huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 140. A wancan zamani kowane kamfani da ma'auninsa, babu mai tambayar maƙwabci. Yayarta 404 ƙaramar mota kusoshi uku ma gare ta. Sai dai duniya ba ta bi wannan ma'auni ba. In ban da ƙanwarta 505 da wasu tsofaffin motocin Subaru, da wuya a sami motar da ta gaje shi. Golf 3 da Corolla ta shekarun 1990 ramuka huɗu ne a kan milimita 100. Camry biyar ne a kan 114.3, Mercedes biyar a kan 112, Hilux shida a kan 139.7. Peugeot ɗin ma da kansa ya yi ƙaura: 206 da 307 da 406 duk huɗu ne a kan 108. Saboda haka mai 504 a yau yana tsaye ne a tsakiyar kasuwa cike da rim, kuma babu wanda zai shiga motarsa.

Motar da Hausawa ke kira Fijo ba ƙaramar mota ba ce a tarihi. Ita ta ci kambun motar shekara a Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya da na Maroko da na Bandama a Kwaddibuwa, a 1978 kuma 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da injin V6, wadda Pininfarina na Italiya ya zana wa jiki, ta sake cin Safari. Masana'antar PAN ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma bayan Faransa ta daina ƙera 504 ƙaramar mota a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006. Mai ƙofa biyun ba ta zama motar arewa ba, amma mai huɗun, wadda ƙashinsu ɗaya, ta zama motar gwamna da hakimi da malamin makaranta da direban tasha.

Ɗaya daga cikinsu tana wani gida a Sabon Birni, fara, ƙirar Kaduna ta farkon shekarun 1980. Mai ita tsohon malamin gona ne da ya yi aikinsa a ƙauyukan bakin gulbin Rima har ya yi ritaya. Hannu na biyu ya saye ta, ya kuma riƙe ta fiye da shekara talatin. Yanzu aikinta bai wuce biyu ba: kai uwargida asibiti a Sakkwato duk wata saboda ciwon suga, da zuwa Isa, inda 'yarsu take aure.

Wanda bai san waɗannan hanyoyi ba zai ɗauka batun taya batun kuɗi ne kawai. A watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja kusa da Gidan Bawa, tsakanin Sabon Birni da Isa, suka cinna mata wuta, mutum sama da 20 suka ƙone. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a Kwanar Maharba suna dawowa daga Sakkwato, a watan Agusta kuma labarin rasuwarsa a hannunsu ya iso. Direbobin yankin sun san wuraren da ba a rage gudu, da lokutan da ba a fita, da garuruwan da za a iya tsayawa a sha ruwa. Mota a nan tana da sharaɗi guda kafin kowane sharaɗi, shi ne kada ta tsaya inda ba ita aka ce ta tsaya ba.

Ƙafafun Fijon malamin gona kuwa sun fara cin amanar wannan sharaɗi. Rim ɗinta na ƙarfe ne mai inci 14, ya sha ramuka na shekara arba'in, an buge shi da guduma an miƙe ba sau ɗaya ba. Bakinsa ya yi tsatsa har ba ya riƙe iska, don haka mai faci yake saka tub a cikin kowace taya. Nan ne haɗarin yake. Tayar da ba ta da tub, idan ƙusa ta shige ta, ƙusar kan toshe ramin da ta yi, iska ta riƙa fita a hankali, mutum ya samu ya kai Goronyo. Mai tub kuwa da zarar an huda tub ɗin sai iskar ta fice ta ramin bawul cikin ƙanƙanin lokaci. Ramukan kusoshin biyu daga cikin rim ɗin ma sun buɗe sun zama kamar ƙwai. Da ya aika neman wasu, waɗanda aka kawo masa sa'annin nasa ne, da irin ciwonsu. Tayar asali ta motar, 175 R14, ita ma ta yi wuya a nan kusa. Mai inci 14 da ake samu ba wahala ita ce ta motocin bas, 185 ko 195 mai harafin C, mai tsawo da tauri, wadda ke sa ƙaramar mota ta riƙa tsalle kamar amalanke.

Ɗansa na biyu, mai sayar da wayoyi a Kano, ya ji wannan ƙorafi ta waya sau da yawa. Da ya zo gida da babbar salla, sai ya sauke kaya huɗu daga but ɗin motar haya: rim na alminiyom masu inci 16, cirar Camry, suna walƙiya, da tayoyinsu 205/55. Kuɗin da ya kashe a kansu ribar wata biyu ce. Ya jingina su a zaure inda duk mai shigowa gaisuwar salla zai gani, aka kuwa gani, aka sa albarka. Da uban ya ƙirga ramukan da yatsa ya ga biyar ne, ɗan ya riga ya shirya amsa.

"Baba, akwai adafta. Ƙarhe na da aka ɗaurawa tsakani, ko'ina shi aka yi yanzu."

Gaskiya ya faɗa. Adafta faifai ne na ƙarfe ko alminiyom mai jeri biyu. Jeri na farko ramuka ne da suka dace da kusoshin motar. Ana zura shi a kansu, a ɗaure da notuna da ke nutsewa cikin kaurinsa. Jeri na biyu sababbin kusoshi ne da ke fitowa daga fuskarsa a kan ma'aunin sabon rim. Masu tsofaffin motocin tsere a Turai da Amurka suna amfani da shi don su ɗora ƙafafun sabon ƙira a kan tsoho, kuma idan an ƙera shi daidai an ɗaure shi daidai, yana yin shekaru bai motsa ba. Sharuɗɗan nan biyu ne ke ɗauke da nauyin zancen.

Bakaniken da ke duba motar tun yana yaron shago, wanda yanzu furfura ta fara fito masa, bai ce a'a ba da farko. Ya ɗauko kwali da kamfas na ɗan makaranta, ya zana da'ira biyu a kan cibiya ɗaya, ya sa ɗigo huɗu a ta waje, biyar a ta ciki, ya ce wa saurayin ya juya ta cikin yadda ya ga dama har ya sami wurin da babu ɗigon da ya matsi wani. Ba a samu ba, kuma ba za a samu ba. Huɗu suna rabe da digiri 90, biyar da digiri 72, don haka duk juyin da aka yi akwai ramin da ba zai nisanci kusa da fiye da digiri 9 ba. A kan waɗannan da'irori, wannan tazara kimanin milimita 16 ce daga tsakiya zuwa tsakiya, alhali kan notin kaɗai ya fi haka faɗi. Mafita ita ce adafta mai hawa biyu: faifai a ɗaure a jikin mota, wani faifan a ɗaure a kan na farko, sannan rim a kan na biyu. Ɗauri uku ke nan a ƙafa guda, biyu daga ciki a ɓoye.

Da yawa suna zaton kusoshi ne ke ɗauke da mota, kamar yadda ƙusa ke ɗauke da rigar da aka rataya. Aikinsu na gaskiya matsewa ne. Noti idan ya ɗauru yana ɗan jan kusa ta miƙe kamar roba mai tauri, wannan ja kuma shi ke manne rim da hob har gogayyar fuskokin biyu ta hana su zamewa. Gogayyar ce ke ɗauke da nauyi. Da zarar matsin ya ragu, ko don yashi ya shiga tsakani, ko fenti ya murƙushe, ko fuskar faifan ba ta kwanta sosai ba, sai rim ya fara motsi kaɗan-kaɗan, nauyi ya koma kan kusoshi, su riƙa lanƙwasa suna miƙewa a kowane juyi har ɗaya ta karye, sauran su bi ta. Kowace fuska da aka ƙara wata ƙofa ce ta wannan rauni. Notin rim na waje direba na iya gwada shi da sifana kafin ya tashi. Na cikin adafta ba ya ganuwa sai an cire ƙafar. Ƙarfin tuwo kuma ba ya maganin abin: yaron shagon da ke zura bututu a wilsifana ya hau da ƙafa biyu yana miƙar da kusa ne ta wuce inda za ta dawo, kusar da ta wuce nan kuwa ta daina matsewa.

Tayoyin ma bakaniken ya ƙi su, a nan kuma hujjarsa ta fi sauƙin gani. Tsayin 205/55 R16 gaba ɗaya kimanin milimita 632 ne, kusan daidai da na tayar asali, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba. Amma robar da ke tsakanin rim da ƙasa milimita 113 ce, ta asali kuwa tana kai 140. Wannan ratar ita ce katifar da ke karɓar bakin rami. Rim na ƙarfe idan ya bugu yakan lotsa, a buge shi ya miƙe a ci gaba da tafiya. Na alminiyom yakan tsage. Ya kuma nuna musu lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar, waɗanda ke faɗin mako da shekarar ƙira: tayoyin sun haura shekara bakwai, gwanjo ne da aka goge da baƙin mai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana wa'azi a kan wannan lamba, shigo da tsohuwar tayar ƙaramar mota ma haramun ne a dokar kwastan, amma kasuwa ba ta fasa ba, domin sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin masu mota.

Akwai wata dabara da wani direban tasha ya kawo, wadda ta cancanci a ambata ko don wayonta. Rim ɗin Hilux ramuka shida ne a kan 139.7, bambancinsa da 140 bai kai kaurin farce ba. Ramuka biyu masu fuskantar juna suna faɗawa daidai kan kusoshi biyu na Fijo, sai a huda sababbi biyu. Masu tsohuwar Subaru a Amurka sun daɗe suna yin haka. Ba adafta, ba ɓoyayyen noti. Aibinta shi ne sababbin ramukan ba su da mazaunin da masana'anta ke matsa wa noti, ramin tsakiya kuma ya yi wa hob ɗin Fijo faɗi ƙwarai, ƙafar ta zama ba ta da abin da zai daidaita ta sai hannun mai huda. Wanda ya huda da kuskuren milimita ɗaya zai ji shi a sitiyari muddin motar na tafiya.

Uban ya saurari duk wannan bai ce komai ba. Abin da ke gabansa ya wuce lissafi. Yaron ya kawo kyauta a gaban jama'a, an yi masa addu'a a kanta. A mayar da ita Kano kamar an ce masa bai san abin da yake yi ba ne, shi kuwa shi ne ɗan da ke aiko da kuɗin magani. Kwana biyu rim ɗin suna zaure. A dare na uku ya kira shi bayan lisha.

"Abin da ka kawo ya hi ƙarhin motag ga. Tsohuwa ta, kamar ni. Ka saishe su inda za su yi daraja, ka samo muna nata daidai ita. Kai ka san kasuwa, ni ban san ta ba."

Ya bar masa aikin a hannunsa, saurayin kuma ya karɓa a haka.

Abin da bakaniken ya rubuta masa a bayan kwalin shi ne rim na ƙarfe mai inci 15 cirar 406, wadda ita ma an haɗa ta a Kaduna, kayanta kuma ba su yi wuya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba. Huɗu zuwa huɗu faifai guda ya isa: a karkata jeri na biyu da digiri 45, kowace sabuwar kusa ta faɗa tsakanin tsofaffi biyu da tazarar kusan milimita 50. Tayarsa 195/65 R15 ce, tsayinta kimanin 635, katifarta 127, ba ta da tub, ana kuma samun sabuwarta a Sakkwato.

Wannan zaɓi ma da kuɗinsa. A bayan kowane rim akwai lamba da ke bin haruffan ET, wadda ke nuna yadda fuskar ɗaurinsa ta gusa waje daga tsakiyar faɗinsa. Babbar lamba na nufin ƙafar za ta shige ciki. Adafta kuwa turo ƙafa yake yi waje gwargwadon kaurinsa, wato ana cire kaurin daga lambar. Rim ɗin Camry, mai lamba kusa da 45, yana da wurin da zai haɗiye kaurin faifai. Na Peugeot na zamanin 406 lambarsa ƙarama ce, ƙasa da 30. Abin dariyar ke nan: wanda ya dace a zurfi bai dace a ramuka ba, wanda ya dace a ramuka bai dace a zurfi ba. Ƙafar da ta fito waje tana ƙara wa boris nauyi kamar yadda tulu ke ƙara nauyi idan an riƙe shi nesa da jiki, tana sa sitiyari ya riƙa fizga a rami, tana iya gogar bakin bodi idan an yi lodi. Don haka aka nemi faifai mafi siranta da zai iya ɓoye noti, milimita 20, aka kuma zaɓi ƙarfe maimakon alminiyom.

Wani mai injin fiƙe ƙarfe a Kano ya yanka su, bisa awon da aka aika masa tare da tsohon hob guda. Hob ɗin ya zama dole saboda tsakiyar faifan: bayansa sai ya zauna cif a kan wuyan hob, gabansa kuma ya fito da leɓe mai faɗin milimita 65.1, daidai ramin tsakiyar rim ɗin 406, yadda leɓen zai daidaita ƙafar kafin noti ya taɓa ta. Arha a wannan sana'a ita ce faifai marar leɓe, shi ne kuma ke kawo rawar sitiyarin da babu mai gyaran taya da zai iya kashewa. Notunan ma sai da aka zaɓa, domin ba kowane noti ke zama a kowane rami ba: akwai mai gindi kamar mazurari, akwai mai gindi kamar ƙwallo irin na Honda da Volkswagen, akwai shimfiɗaɗɗe mai wasa irin na rim ɗin alminiyom na Toyota. Haƙoran kusar Peugeot tazararsu milimita 1.25 ce, na Toyota 1.5, noti na ɗaya zai hau kusar ɗayan juyi biyu, ya cije, ya ci haƙoran. Ƙa'idar da aka bi ita ce noti ya kama kusa aƙalla gwargwadon kaurinta, milimita 12, wato juyi tara zuwa goma. Tsofaffin kusoshin da suka leƙo bayan fuskar faifan aka rage musu kai da zarto, don kada su tokare bayan rim su hana shi kwanciya.

Ranar da aka gama, mota ta sauka daga jak tana tsaye da ƙafafu a ɗan buɗe, yara suna cewa ta zama ta 'yan tsere. Tsohon ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsuguna a bayanta, inda 504 ke rataye tayar safiya a cikin keji ƙarƙashin but, ya ɗago kai.

"Injiniya, in ƙahwa ta hwashe bisa hanya, wagga ta ƙasa ina za ta shiga?"

Babu wanda ya yi wannan tunani, har bakaniken. Tayar safiyar tsohuwa ce, mai ramuka a kan 140. Don a saka ta sai an kwance notuna huɗu na rim, a kwance huɗu na adafta da wata sifana mai siririn baki da za ta shiga ramin, a cire faifan da wataƙila tsatsa ta manne shi, sannan a ɗaura. Aikin minti goma ya koma na ashirin ko fiye, a gefen daji, da tsohuwa mai ciwon suga a kujerar baya. A garejin mai sha'awar motoci a Jamus wannan ƙaramin ciwon kai ne. Tsakanin Gidan Bawa da Isa ya isa ya rushe dalilin yin aikin gaba ɗaya. Motar ba ta fita daga gari ba sai da rim na biyar ya iso daga Kano a motar haya, da sabuwar tayarsa, aka gwada shi a kejin aka ga ya shiga.

Tafiyar farko Isa aka yi, da hantsi, a bayan motocin kasuwa. Da aka dawo bakaniken ya cire ƙafafun huɗu, kamar yadda ake yi wa kowane sabon adafta bayan kilomita 50 zuwa 100, ya bi notunan ciki ɗaya bayan ɗaya a gicciye. Goma sha huɗu ba su motsa ba. Biyu a ƙafar gaba ta hagu suka karɓi kwatan juyi. Ya ɗiga wa kowanne farin fenti daga kan noti zuwa jikin faifai, yadda in ya juya layin zai rabu, ya ce a dawo masa da ita bayan tafiyar Sakkwato, daga nan kuma duk lokacin da za a canza baƙin mai. A hanyar Sakkwato, da mutum biyar da buhun gero a but, tayar baya ta dama ta goge bakin bodi sau biyu a manyan ramuka. Aka naɗe bakin ciki da guduma da katako.

Rim ɗin Camry sun koma Kano, inda ɗan ya sayar da su da 'yar hasara, kuɗin ya biya faifai huɗu da rim biyar, ya cika na tayoyi daga aljihunsa. Tsofaffin masu inci 14 ba su kwana biyu a shagon ba. Wani mai walda da ke ƙera amalanken shanu a kan tsofaffin gindin Fijo ya zo ya zaɓi uku masu sauran lafiya, ya biya ba ciniki, domin shi ma ramuka huɗu a kan 140 yake nema, kuma ya daɗe bai samu ba.